Fuskar Mamman Bagobiri

Ran Asabar ɗin da ta wuce ne Hafsat, jikar maƙwabcina a nan unguwar Diobu ta Fatakwal, ta yi sallama a ƙofata ita da ƙawayenta biyu, rataye da wata tsohuwar kyamara da suka tsinto a gwanjo. Wai sun gaji da hoton waya, yanzu na fim ake yayi, kuma so suke su riƙa wankewa da kansu a banɗakin gidansu don nishaɗi. Na ce to madalla, wa zai koya muku? Sai Hafsat ta ɗaga mini waya. Ta ce, "Baba, ai e no hard. Ruwa uku ne kawai, mun gani a bidiyo. Kai dai ka ara mana farantanka." Ruwa uku! Shekara talatin da wani abu ina tsoma hannu a ruwan nan uku har farcena ya rine, ga 'yar da aka haifa jiya ta gama da shi a minti goma. Na ara musu farantan. Amma na ce sai sun zauna sun ji labarin aiki guda ɗaya tukuna, kuma da na lura rabin hankalinsu na kan wayar, na ce bari in sa shi a rubuce, su da ire-irensu su karanta.

Aikin na wani mutum ne, Mamman Bagobiri, ɗan dako a kasuwar Mile One. Shekara ashirin da biyu rabonsa da gida. Mahaifiyarsa na can wani ƙauye a ƙasar Gobir, ta tsufa, idonta ya fara tafiya, kuma an sha gaya mata ya mutu, an sha gaya mata yana raye, har ta daina yarda da bakin kowa. Ta ce ita sai ta gani. Hoto ɗaya ake so, wanda tsohuwa za ta duba ta ce i, ɗanta ne, yana nan a duniya. Ni aka kawo wa aikin. Amma ba za ku gane abin da na yi masa ba sai kun san hannun da ya koyar da ni.

A Inugu na koyi sana'a, a Coal Camp, wajen wani Ibo da kowa ke kira Oga Nnadi. Kawuna mai goro ne ya kai ni, ina ɗan shekara goma sha bakwai, sabon zuwa daga Kano, ko "zo" ban sani ba da yarensu. Wata shida ban taɓa kyamara ba. Wanke faranti, ɗebo ruwa, sayo ƙanƙara wajen masu kifi, shi ke nan aikina. Ƙanƙarar nan ba don sha ba ce. Maganin wanki ba ya son zafi, in ya ɗumama sai ya cinye fim, hoto ya fito da ƙwaya-ƙwaya kamar an watsa masa gero. Bayan wata shidan ya ba ni wani mataccen fim, ya ɗaure mini ido da ƙyalle, ya ce in naɗa shi a kan kwarkwaron wanki. Na naɗa ya fi sau ɗari. In ya lanƙwashe, ko yatsana ya taɓa cikinsa, sai in ji ranƙwashi a tsakiyar ka. Shi fim ko jar fitilar ɗakin wanki ba ya yarda da ita, a baƙin duhu ake buɗe shi, yatsunka ne idonka. Takarda ce kawai ke haƙuri da jar fitila.

Ruwan naku uku kuwa, na farko shi ke fito da hoto, na biyu ya tsayar da na farko, na uku ya kafe hoton kada haske ya cinye shi daga baya. Akwai na huɗu da ba a ƙirgawa, ruwan famfo zalla, wanda za ka yi ta ɗauraye takarda da shi awa guda cur. Ka rage masa lokaci ba wanda zai sani a ranar. Sai bayan shekara biyar wanda ka ɗauka ya ga fuskarsa ta koma ruwan ɗorawa a bango, ya yi ta tsine maka kana wani gari.

Ƙaramar Sallar farko da na yi a shagon ce ta sa Oga ya gane ina da amfani. Hausawan Coal Camp da na wajen Ogbete suka cika mana wuri, kowa da farar shaddarsa tana ƙara. To, nan fa ake yin ta. Fuska baƙa, riga fara fat. In ka bi rigar, fuska ta koma gawayi, ido biyu kawai ake gani. In ka bi fuskar, riga ta zama farin bango, aikin wuyan da mutum ya jira wata uku wajen maɗinki ya ɓace. Shi kuwa Bahaushe duka biyun yake so, kuma in dole sai an bar ɗaya, ban tabbata fuskar zai zaɓa ba. Oga ya nuna mini dabara. In ka ɗora nagatif, wato wankakken fim, a injin da ke haska shi kan takarda, sai ka yanko ɗan kwali zagayayye, ka soke shi a waya, ka riƙa kaɗa shi a kan fuskar kana ƙirga, don hasken da ke sauka mata ya ragu, rigar kuma ta sha nata cikakke. In ka tsayar da hannu, shacin kwalin ya fito a takarda. Shi yana ƙirga da Ibo, ni ina ƙirga da Hausa, a goma muke haɗuwa.

Amma abin da Oga Nnadi ya fi alfahari da shi fensir ne. A nagatif komai a juye yake, baƙi fari ne, fari baƙi. Kana ɗora shi kan gilashi da haske a ƙasa, ka fiƙe fensir har ya yi tsinin allura, ka bi duk wani ƙurji da tabo da tamoji kana cikewa ɗigo-ɗigo har ya saje da fata. Inda fata ta yi ƙyalli da yawa kuma, sai ka sa bakin reza ka kankare kaɗan-kaɗan. Amare, malaman makaranta, ma'aikatan jirgin ƙasa, duk da gyaran nan suka san shi. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Garba, make am smooth. Customer no wan see him wahala for face." Wato a shafe fuska sumul, ba mai son ganin wahalarsa a hoto. Na riƙe wannan fiye da yadda na riƙe karatun allona. Kafin shekara huɗu hannuna ya fi nasa laushi, shi da kansa ya faɗa a gaban mutane, kaina kuwa ya yi girman da hula ba ta shiga.

Bayan shekara bakwai ya yaye ni, ya ba ni kyamara mai ido biyu, irin wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama. Na taho Fatakwal don na ji 'yan arewa sun yi yawa a Mile One kuma ba mai hoto Bahaushe. Na kama shago a bayan 'yan albasa. Warin albasa ya shiga labulena, ya shiga takarduna, har matata ta ce ko ni na shigo gida sai idonta ya yi ƙwalla. Na sa an zana mini bango mai gidan bene da jirgin sama a kansa. Na ajiye babbar riga ɗaya fara, hula biyu, agogon hannu da ya mutu tun a Inugu, da rediyo marar batir. Rigar nan ta je ƙauyukan arewa sun fi ɗari ba tare da ta bar shagona ba.

Masu zuwa wurina mafi yawa 'yan ci-rani ne: masu tura baro, masu yankan farce, masu gadi, masu dako. Mutum zai shigo da gumi, ya wanke fuska a buta, ya sa rigar, ya ɗaura agogon, ya tsaya ƙyam. Ba mai murmushi. Na gwada sa su dariya a farkon zuwana, wani dattijo ya ce da ni, "Yaro, wa uwata za a kai, ba wa 'yan wasa ba." Daga nan na bari. In na wanke, sai su ba direbobin da ke kawo albasa da tumatir su kai gida.

Cikinsu akwai masu zane a fuska da yawa, Gobirawa, Zamfarawa, Kabawa, Barebari. Samarinsu sukan raɓo kusa da ni su rage murya: "Mai hoto, a ɗan rage mini." A nan kudu zanen ya zame musu fitina. Yara na bin su suna cewa sun yi faɗa da damisa, a shingen hanya su ake fara saukewa daga mota. Sai in rage. Wani ya ce a rage, wani ya ce a cire duka. Da shekaru suka ja sai na daina jira a ce mini. Kuma in faɗa muku gaskiya, ni ɗan birni ne, ba a taɓa sa mini aska a fuska ba, a raina zanen nan ƙauyanci na ɗauke shi. Gani nake taimakon mutum nake yi.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda kayan waje suka ɓace daga kasuwa. Fim ya yi ɓatan dabo. Takarda in ka samu sai ka yanka ta huɗu. Magani muka riƙa tsawaita shi da ruwa har ya zama sai ka yi ta roƙonsa kafin ya fito da hoto. Masu hoto uku na sani a Mile 2 da suka rufe, ɗaya ya koma aski, ɗaya ya hau okada yana acaɓa, ɗayan ban san inda ya yi ba. A da kowane mutum sau biyu nake ɗaukarsa ko da ya ƙifta ido. A shekarar nan sau ɗaya ne, in ka ƙifta kai ka so. Har aka kai ranar da naɗin fim ɗaya ya rage mini a duniya, mai ɗaukar hoto goma sha biyu. Na ɗauki goma sha ɗaya a cikin mako biyu, ina zaɓen mutane kamar mai rabon naman layya.

Ran wata Talata da hantsi Lawwali ya shigo. Direban babbar motar albasa ne daga wajen Sakkwato, duk mako uku yake zuwa, kuma shi ya fi kowa kai mini hotuna arewa. Yana janye da hannun wani ƙaton mutum mai gemu, ɗan shekara arba'in ko kusa, da gammo a hammata. Muka gaisa, gida, iyali, hanya, gajiya. Sannan ya ce, "Malam Garba, wannan Mamman ne. Ƙauyensu na kusa da namu. A wajen sauke kaya muka yi hira na gane ko ɗan wane ne. Na je na gaya wa tsohuwarsa, ta ce ni ne na biyar da ya zo mata da wannan labari. Ta ce in kawo mata shi ko in kawo mata fuskarsa."

Na ce to me ya hana a kai mata shi? Mamman ya sunkuyar da kai. Lawwali ya ce, "Da zai fito yana yaro ya yi rantsuwa ba zai koma hannu rabbana ba. Ka ga kuwa abin da yake da shi," ya nuna gammon. Ban ƙara tambaya ba, ba aikina ba ne.

Na sa masa rigar, kafaɗunsa suka cika ta kamar don shi aka ɗinka. Na zaunar da shi kusa da taga, na jingina allon da na liƙe wa farar takardar sigari a ɗaya gefen don ya mayar masa da haske. Da na leƙa gilashin kyamara sai ga zanen ya fito ɓaro-ɓaro, don hasken gefe ba ya rufa wa fata asiri. Zanen Gobirawa ne cikakke, daga gefen baki ya baje zuwa kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, masu zurfi. A raina na ce, tabɗi, akwai aiki gobe.

Kafin in danna ya ɗago ya ce, "Mai hoto, za ta gane ni kuwa?"

Na ce, "Haba Malam Mamman, aikina ne fa. Kai dai kada ka ƙifta."

Bai ƙifta ba. Shi ne na goma sha biyu.

Bayan azahar na rufe shago, na sayo ƙanƙara, na sanyaya magani, na toshe ƙasan ƙofa da buhu, na naɗa fim ɗin a duhu. Da na ɗaga shi a haske bayan wanki, duk cikin sha biyun ba wanda ya kai nasa kyau. Kowane gashin gemu ana gani, aikin wuyan rigar ya fito, idon nan tar. Da a ce a nan na tsaya na buga shi a takarda, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma washegari da safe na fiƙe fensir. Na bi ramin kowane zane na cike shi, na bi gefensa mai ƙyalli na kankare da reza. Awa biyu na yi a kai. Zane goma sha uku, na shafe su tas, ko ni da na yi aikin sai na kawo ido kusa nake ganin wurin. Ban tambayi kowa ba. Bai ma zo mini a rai cewa akwai abin tambaya ba. Abin da nake tunani kawai shi ne, tsohuwa za ta ga ɗanta ya yi kyau, ya zama mutumin birni.

Mamman ya zo karɓa ran Laraba da yamma, shi kaɗai. Ya goge hannu a wando, ya karɓa ta gefe-gefe. Ya daɗe yana kallo. Ya kai hannu ya shafa kuncinsa, ya sake kallo.

Ya ce, "Ni na wanga?"

Na ce, "Kai ne mana. Na ɗan gyara ka ne."

Ya miƙo mini hoton. Can ya ce, "To. Allah shi saka." Na sa masa a ambulan, na liƙe, ya kai wa Lawwali. Kara ya yi mini, irin ta mutumin da ba ya iya ce wa mai sana'a ka ɓata. Ni kuwa na ɗauka sha'awa ce ta hana shi magana.

Bayan mako uku Lawwali ya dawo. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya ajiye ambulan ɗin a kan teburina, ya ce, "Malam Garba, me ka yi wa mutumin nan?" Shi ma bai ga hoton ba sai a hannun tsohuwa. Ya ce ta sa aka fito da ita tsakar gida inda rana take, ta kawo hoton daf da idonta, ta juya shi nan ta juya shi can. Ta sa babban yatsa ta goga kuncin, ko ƙura ce ta rufe. Sannan ta ce, "Ina zanen?" Ta sake gogawa. Ta ce, "Ya tahi ba shi da gemu, gemu na yarda. Ƙiba da rama na yarda. Amma zane ba ya zubewa. Wanga ba ɗana ba na. Kun samo huskar wani Bakano kun kawo mini don in yi shiru. Da kun ce mini ya mutu, da ya hi." Ta miƙa masa hoton. Ya yi rantsuwa, ta ce waɗancan huɗun ma sun rantse. Kafin ya baro garin ta sa an fara tanadin geron sadakarsa, kuma abinci sai an matsa mata take taɓawa.

Lawwali ya ce, "A da tana tsakanin i da a'a. Yanzu ta gama yanke shawara. Ran Alhamis ta sama zan juya, ka san yadda za ka yi."

Na ɗauko nagatif ɗin, na sa auduga da ɗan mai na goge fensirin. Fensir yana fita. Reza ce ba ta dawowa. Da na buga, duk inda na kankare ya fito baƙi-baƙi, kumatun suka zama kamar na wanda ya ƙone. Sai dai a sake ɗauka, fim kuwa babu. Na zagaye Fatakwal a ƙafa da okada, kowa ya ce shi ma nema yake. Na rufe shago na hau mota zuwa Anacha, don in abu ya ƙare a kasuwar Anacha to ya ƙare. Kwana biyu na yi, na sauka wajen wasu 'yan gwari da na sani, ina bin layi-layi. Ran na biyu wani mai sayar da batir ya jawo mini naɗi ɗaya daga ƙarƙashin kanta, kwalin ya koɗe, wa'adinsa ya wuce da daɗewa, kuma Allah kaɗai ya san zafin da ya sha a wurin. Na saya haka nan.

Na dawo ran Talata, na aika aka kira Mamman daga bakin motoci. Duk sha biyun a kansa na ƙarar, gaba, gefen dama, gefen hagu, kusa, nesa, abin da ban taɓa yi wa ko amarya ba. Na ninka ƙanƙara, na buɗe ragowar sabon maganin da nake ɓoyo. Fim ɗin ya fito toka-toka daga farko har ƙarshe, kamar an ɗauki mutum ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Ana ganin hula, ana ganin gemu. Zane kuwa ko mai lafiyayyen ido ba zai ƙirga ba, balle tsohuwa.

Dabara ɗaya ta rage mini. Ran Laraba na ɗauko hoton farko, mai sulɓin nan, na kawo tawada da ɗan siririn buroshi. Na zaunar da Mamman a gabana kusa da taga, Lawwali na tsaye a bakin ƙofa. Nufina in dubi fuskarsa in mayar da zanen kan takarda ɗaya bayan ɗaya. Zan iya, hannuna ya kai. Na tsoma buroshin ke nan ya ce, "Mai hoto, mi za ka yi?"

Na yi masa bayani.

Ya dubi tawadar, ya dubi hoton. A duk zuwan da ya yi shagona ban taɓa jin ya haɗa jimla uku ba sai ranar. Ya ce, "Kakana wanzami na. Shi ya yi mini wanga da hannunai, ran sunana, inna tana riƙe da ƙahwahuna. Ba a yi mini na biyu da tawada." Ya miƙe, ya juya wajen Lawwali. "Akwai wuri bisa mota?"

Lawwali ya ce, "Buhunan wofi ne kawai. Wuri har ya yi yawa."

Na ciro babbar rigar daga ƙusa na ce ya tafi da ita, ya shiga gari da mutuncinsa, in ya so Lawwali ya dawo mini da ita. Ya ce a'a, a bar shi da tasa. Ran Alhamis na ga ya hau bayan motar da 'yar leda ɗaya a hannu. Gammon ya bar wa wani.

Mako uku suka sake cika. Ina yanka ragowar takarda Lawwali ya yi sallama. Wannan karon ya gaisa sosai, ya zauna, ya sha ruwa, ya ja mini rai yadda ya ga dama, sannan ya ba ni labari. Ya ce da la'asar suka shiga. Tsohuwa na zaune a tabarma. Mamman ya yi sallama, ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo, don muryar da ta sani ta yaro ce. Ya durƙusa. Lawwali ya ce, "Inna, kin ce in kawo shi ko in kawo fuskarsa. Ga su duka." Ta ce ya matso. Ba ta ma wahalar da idonta ba, hannu biyu ta sa ta kama kansa. Ta bi kuncin farko da yatsa tana ƙirga a fili har shida. Ta koma ɗayan. A na biyar yatsanta ya tsaya. Ashe a nan zanen ya tsinke a tsakiya, inda jariri ya zabura a hannun kakansa. Ta koma baya ta sake bin wurin, ta sake, sannan ta ƙarasa bakwai.

Awa biyu na yi hancina a kan fuskar nan da gilashin ƙara girma a idona, ban ga wannan tsinkewar ba.

Na ce, "Sai ta ce me?"

Ya ce, "Wace magana? Mari ta ɗauke shi da shi, wanda aka ji har waje. Sannan ta ce a kawo mishi ruwa, ya sha hanya." Ya ce har ya baro garin ba ta yarda Mamman ya yi nisan da hannunta ba zai kai ba.

Ya miƙe zai tafi, har ya kai ƙofa ya juyo. "Af, na kusa mantawa. Ta ba ni saƙo wurinka. Ta ce in tambayi mai hoton nan, shi uwatai da mi take gane shi?"

Ni ba ni da zane, kuma a lokacin shekarata goma sha ɗaya ban taka Kano ba. Lawwali ya tsaya yana jiran abin da zai koma ya gaya mata. Ya jira har aka fara kiransa daga bakin mota.